Keken motsa jiki ko takalmi? Amsa ga masu zaman biro

Tambaya: Malam, ni mai lissafin kuɗi ne a wani kamfani, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Daga safe har la'asar ina gaban kwamfuta, tumbi ya fito, baya kuma ba ya barina barci. Na tara jikka 150, na ga keken motsa jiki a wani kanti kusa da babbar kasuwa. In saya in ajiye a biro?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Keken nan na sha ganinsa a gidajen mutane, mako biyu ake hawa, daga nan ya zama maratayin tawul. Ka tuna da watan Afrilu a Maraɗi, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Wa zai hau keke cikin shadda, ya koma kan takardu yana ɗigar gumi?

Abin da ke cin ka zama ne mai tsawo ba tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole a yi shi a jere ba. Saboda haka duk rabin awa ka miƙe, ko na minti biyu ne. Takardar da kake aiken yaro da ita biron maƙwabci, kai ta da kanka. Azahar ka taka zuwa masallacin da ya ɗan yi nisa. Da yamma ka ce wa mai kabu-kabu ya sauke ka kafin gida, ka ƙarasa da ƙafa, da saurin da zai sa numfashinka ya ɗan hau amma kana iya magana.

Sai shayi, kuma a nan na san za mu ɓata. Kofi uku a biro, uku a fada da dare, kowanne sukari kamar zuma: tafiyar minti 30 ba za ta biya wannan bashin ba. Rage sukarin.

In sayayya kake so, sayi takalmi mai taushin ƙasa da gorar ruwa. Ka kuma je a auna maka hawan jini da sukari. In awon hawan jinin ya riƙa kai 140 bisa 90, maganar ta likita ce. Haka ciwon bayan da ke sauka ƙafa ko yake sa ta mutuwa.

Tambaya: Ni sakatariya ce. Ƙawata ta ce in sayi ɗamarar rage tumbi, ni kuma kujerata ce ke damuna. Wanne zan fara?

Amsa: Hajiya, bar ɗamarar. Gumi kawai take sa ki, ruwan da ya fita kuma da kin sha ya dawo, kitse yana nan. Kujera ta fi cancanta, amma ki zauna a kanta a kantin kafin ki biya: tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu, ƙasan baya ya samu majingina. In kuɗin bai kai ba, naɗe tawul ki sa a ƙasan bayanki, ki ɗora kwamfutar kan tsofaffin rajista har saman allon ya zo daidai idonki.