Amsa: Takalman Kolhapuri da me ake yin su?

Malam, ka tambaya ko takalmin nan na Indiya da ake cewa Kolhapuri fatar gaske ce ko roba. In dai na asali ne wallahi fata ce zalla, galibi ta ɓauna, sunan ma daga garin Kolhapur ne a jihar Maharashtra.

Abin da ya fi burge ni shi ne jimar. Da bagaruwa suke yi, wannan dai bagaruwar tamu, su suna ce mata babul, sai dai ɓawon itacen suke daka wa, majemanmu kuwa 'ya'yan suke amfani da su. Suna haɗawa da wani ɗan itace da suke kira harda, su ɗinke fatar kamar salka su ɗura ruwan a ciki su rataye ta yana tsatsafowa a hankali har ta jemu, shi ya sa aikin ke cin makonni.

Ba ƙusa a jikinsa, da zaren fata ake ɗinkin. A 2019 gwamnatinsu ta yi wa sunan rajista saboda jabu. In za ka saya ka juya ƙasan ka duba ɗinkin, sannan ka sansana. Sabo yana da tauri, ka ɗan shafa masa mai, kuma kar ka shiga ruwa da shi.