Waya za ta iya gano abin da ke kashe tsohuwar mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Carina E ƙirar 1995, wadda aka shigo da ita ta Duwala. Idan na yi tafiyar rabin awa da rana tsaka sai ta mutu, ta ƙi tashi har sai ta huce, sannan ta tashi kamar babu abin da ya same ta. Makanike ya canza buji da batir, amma ba ta sauya zani ba. An ce akwai na'urar da ake haɗawa da waya ta faɗi matsalar mota, shin in saya? Daga wani direba a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urar da aka ba ka labari ita ce ELM327, wadda ake sokawa a wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, tana aika bayani ta Bluetooth zuwa manhaja irin su Torque. Sai dai tana aiki ne da tsarin binciken matsalar mota mai suna OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma sai 2001 ga motocin fetur, don haka taka ta riga shi zuwa, kuma sayen na'urar asarar kuɗi ce.

Motarka tana da nata hanyar yin magana. A ɗakin inji akwai ƙaramin akwati mai murfi. Idan aka haɗa bakin TE1 da E1 da ke cikinsa da guntun waya, aka murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, fitilar gargaɗin inji za ta riƙa ƙyaftawa, sai a ƙirga. Lamba 14 tana nufin siginar wuta ta ɓace, 12 da 13 kuma suna nuna cewa kwamfutar motar ba ta samun labarin juyawar inji daga delko, wato na'urar da ke raba wuta ga buji. A lura cewa cire batir yana goge waɗannan lambobi, saboda haka sai motar ta sake mutuwa kafin a karanta.

Yadda ka kwatanta matsalar, zargina ya fi ƙarfi a kan bobin, wato koyil mai ƙara ƙarfin wutar buji, da ke cikin delko, domin idan ta tsufa zafi yana buɗe tsagar da ke jikinta ko ya katse siririyar wayar ciki, idan ta huce kuma komai ya koma daidai, ga zafin Garwa da kan haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Shi ya sa gwaji a gareji da sanyin safiya ba ya nuna komai. A lokacin da ta mutu za a gwada: a sa buji na ajiya a wayarsa, a jingina shi da ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli kamar zai tada inji. Idan babu tartsatsi, an kama ɓarawo. Idan akwai, sai a koma ɓangaren mai: a haɗa bakin +B da FP a akwatin nan, a murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, a saurari kukan famfon mai daga tanki, sannan a duba matatar mai, musamman idan kana shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba, wanda ba ya rasa datti ko ruwa.

Amfanin wayarka a nan shi ne ɗaukar bidiyon fitilun gaban direba daga maƙali, ba a hannu ba. Idan bidiyon ya nuna duk fitilun sun ɗauke tare a lokacin da ta mutu, to a bar delko, a duba makunnin makulli da wayar da ta haɗa batir da jikin mota.