Askirim ɗin yogot ɗina ya koma ƙanƙara, ina matsalar take?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Yarana sun addabe ni da sayen askirim kullum in an taso makaranta, shine nace bari in haɗa musu na gida da yogot da gwaiba tunda kaka ce tana araha, amma da na ciro daga firiza ko cokali baya shiga. Me zan gyara? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ruwa ne ya miki yawa. Yogot da kindirmo sama da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kin kuma ƙara ruwan gwaiba a kai, to dole ya daskare ƙam. Ki samu farin kyalle mai tsabta irin na tatar kamu, ki shimfiɗa a kan rariya ki juye yogot ɗin, ki tara kwano a ƙasa ki sa a firij awa 4 zuwa 6, in ya kwana ma yafi. Zaki tarar da wani ruwa tsararo mai rawaya-rawaya a kwanon, na saman kuma yayi kauri har cokali na tsayawa a ciki. Ruwan kar ki zubar, ki kwaɓa fanke dashi.

Sai zaƙi. Shine ke hana abu daskarewa da tauri, shi yasa na kanti yake laushi, suga ne jibge a ciki. Ke kiyi da ayaba wadda ta nuna sosai har ɓawonta yayi ɗigo-ɗigon baƙi, guda 1 a kofi 2 na tataccen yogot, da dabino kamar 5 da aka jiƙa a ruwan ɗumi, ki markaɗa su tare. Ki ɗanɗana kiji ya ɗan zarce yadda kike so, dan sanyi yana rage jin zaƙi.

Gwaibar ki markaɗa ki tace 'ya'yan, in ba haka ba haƙoran yara ne zasu sha wahala. In tuffa kika samu ki yayyanka ki turara da kirfa minti 10 ruwan ya tsotse, ta huce sannan ki zuba. Ɗanyar abarba da gwanda kam a bar su, suna sa madara ɗaci in sun jima tare.

Kayan ƙamshi kaɗan ake so: rabin ƙaramin cokali na kirfa, kwata na garin citta, ai mu Kaduna bamu da uzuri tunda ga ta Kachia nan cike da kasuwa. Kanumfari ni dai ƙwaya 1 nake dakawa, ya wuce haka sai yara suce magani kika basu.

Ki zuba a roba mai faɗi ki sa a firiza, duk minti 30 ki ciro ki motsa da cokali mai yatsu, sau 3, sannan ki raba a ƙananan kofuna. In za'a sha a ajiye a waje minti 10.

Ga kuma halin wutarmu, kiyi daidai na kwana 2 kawai, wanda ya narke ya yini babu sanyi kar a maida shi firiza. In da kindirmo zakiyi ki tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma in kin sa zuma banda jaririn da bai kai shekara 1 ba.