Me ya sa ake goge wasu layukan bincike daga zuciyar Linux?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maradi. Na ga masu kula da Linux suna goge layukan bincike, wato layukan umarnin manhaja da ke duba wani yanayi kafin a ci gaba da aiki, daga sashen da ke amsa kiran gaggawa na na'urori. Rage bincike ba zai sa waya ta riƙa sandarewa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, a duk lokacin da ka taɓa fuskar wayarka ta Android, wadda a kan zuciyar Linux aka gina ta, wato babbar manhajar da ke sarrafa sassan na'ura, sai na'urar taɓawar ta aika kira zuwa furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya amsa, sannan ya koma inda ya tsaya. Irin wannan kira, daga sassan wayar daban-daban, yana iya zuwa sau dubbai cikin daƙiƙa guda, don haka kowane layi da ke kan hanyarsa yana da nauyi.

Abin da ake gogewa shi ne binciken da yanayin da yake tsaro ya riga ya gushe, tamkar mai gadin ƙofar da aka toshe da bulo. A da, mai rubuta manhajar wata na'ura yakan sa alamar IRQF_DISABLED idan yana so a hana wani kira katse nasa. Daga sigar Linux 2.6.35, a 2010, aka mayar da wannan hani doka ga kowa, domin kiran da ke hawa kan kira yana iya cika ɗan wurin ajiyar da aka ware masa har tsarin ya faɗi. Alamar ta daina aiki tun daga nan, amma ba a cire ta gaba ɗaya ba sai a Linux 4.1, a 2015, bayan an bi wuraren da take an share ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, saurin da ake samu daga goge irin waɗannan layuka bai taka kara ya karya ba. Babbar illar mataccen bincike ita ce yana yaudarar mai karatu, ya zaci akwai haɗarin da babu shi, har ya kwafi layin zuwa sabon aiki.

Damuwarka tana da tushe idan aka goge bisa zato. Shi ya sa mai gyaran kan rubuta hujjarsa, ya nuna canjin da ya kashe binciken, masu kula da sashen irin su Thomas Gleixner su duba kafin a karɓa. Idan wayarka tana sandarewa, ka fara duba cikar ma'ajiya da lafiyar batir.