Tiyatar madaciya: me ya sa nas ta tayar da Mama tun ranar farko?

Tambaya: Likita, da safe aka cire wa mahaifiyata madaciya ta hanyar huda ciki. Kafin magariba nas ta zo ta ce sai ta tashi ta taka. Kakarmu ta yi ta faɗa, wai ɗinkin zai farke. Anya babu ganganci?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar wa Kaka da hankali, nas ɗin ta yi daidai. Ɗinkin ƙananan ƙofofi uku ko huɗu da aka huda ba ya farkewa don an taka daga gado zuwa bakin ƙofa.

Abin da muke tsoro shi ne kwanciyar. Idan ƙafa ta daɗe ba motsi, jini yakan daskare a jijiyar sha-raɓa, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe hanyar jini a huhu, wanda hakan kan yi kisa farat ɗaya. Ga shi madaciya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama take, don haka mai ciwon yakan riƙa jan numfashi sama-sama saboda zafi, majina ta taru, ciwon huhu ya biyo baya. Hanji ma maganin barci yakan sa shi kasala, tafiya ce ke farkar da shi.

Wataƙila Mama za ta ce kafaɗarta ta dama na ciwo. Kada ku ɗauka gurɗewa ce. Iskar da aka hura cikin da ita lokacin aiki ce ta yi saura, kuma takan lafa cikin 'yan kwanaki.

Wajen tashi, kada ku ja ta da hannu. Ta juya gefe, ta sauko da ƙafafu, ta dafa gado ta zauna, ta jira jiri ya wuce, sannan ta miƙe kina riƙe da ita. Ta karɓi maganin ciwo kafin nan. Dauriya ba ta da amfani a wannan wuri. In tari ya zo, ta danne cikin da filo.

A gida ta riƙa zagaya tsakar gida sau da yawa a yini. Ban da jan ruwa a rijiya, daka, ko goyon jika, sai likitanta ya ba da izini, galibi bayan kamar mako 2. Wanda aka tsaga wa ciki yakan kai mako 6. Sallah kuwa, ta yi a zaune idan sujada na ja mata ɗinki.

Zazzaɓi, ido ya yi rawaya, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ku koma asibiti a take, ko da tsakar dare ne.