Tambayoyinku, Amsoshinmu: Kakanni da Hotunan Jikoki a Waya

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga kakanni suka fito, sai kuma 'ya'ya da jikokin da ke saita musu waya. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna. Wurin da maɓallai suke kan ɗan sauya daga waya zuwa waya, shi ya sa muka fi bayyana alamar da za a nema.

Tambaya: Assalamu alaikum. Jikokina suna nesa da ni, iyayensu kan turo mini hotunansu ta WhatsApp. A waya hoton tas yake, amma da na bayar aka wanke mini guda babba don in rataya, sai fuskar yaron ta fito dishi-dishi. Wayata ce ba ta da kyau? — Wata kaka

Amsa: Wa alaikumus salam, Kaka, Allah ya ƙara lafiya. Wayarki ba ta da laifi, tun kafin hoton ya iso gare ki aka rage shi. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, nauyinsa kan kai megabait 3 zuwa 5. Idan aka tura shi yadda aka saba, WhatsApp kan matse shi zuwa ɗigo kusan 1600 a gefensa mafi tsawo, don ya tafi da sauri kada ya cinye data. A allon waya ido ba ya ganin bambancin. Takarda kuwa sai ta sami ɗigo kamar 300 a kowane inci kafin hoto ya fito garau. Wanki mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1200 da 1800, to wannan hoton WhatsApp zai ɗan iya. Mai inci 8 da 10 yana son 2400 da 3000, a nan ne fuska ke dusashewa.

Gyaran yana hannun mai turowa. Ki ce wa iyayen yaran, idan sun zaɓi hoto, kafin su danna turawa su taɓa alamar HD da ke saman allo. Tun 2023 aka ƙara ta. Wanda kuma ake so a wanke babba, su turo shi a matsayin dokumen: su taɓa alamar maƙalin takarda da ke gefen wurin rubutu, ko alamar ƙari idan iPhone ce, su zaɓi dokumen, sannan su nemo hoton. Haka zai iso yadda kyamara ta ɗauke shi. Kuma lallai ya fito daga wayar da ta ɗauki hoton. Wanda aka kwaso daga sitatus ko aka ɗauka daga allo ya riga ya ragu, abin da ya zube ba ya dawowa.

Tambaya: Kullum wayata sai ta ce ta cika. Jikana ya zo ya yi ta goge-goge, daga baya na nemi hotunan ƙannensa na jarirai na rasa. Ta yaya zan sami wuri a waya ba tare da na yi asara ba? — Wani dattijo

Amsa: Baba, ranka ya daɗe, wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a wasiƙun, kuma ta fi kowace ciwo. Tushenta shi ne ɗaukar WhatsApp a matsayin ma'ajiya. WhatsApp ɗan aike ne, ba akwati ba ne: yana kawo saƙo ya ajiye a cikin wayarka, idan aka goge ko waya ta faɗi ko ta lalace, sau da yawa shi ke nan.

A fara da toshe abin da ke cika wayar. Yawanci ba hotunan jikoki ba ne, bidiyoyin guruf ne masu sauka da kansu. Bidiyon minti ɗaya mai inganci kan kai nauyin hotunan WhatsApp ɗari ko fiye. A shiga saitin WhatsApp, sashen ajiya da data, a hana bidiyo sauka da kansa. A wannan sashen akwai wurin sarrafa ajiya, inda ake jera fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta yaɗawa. Daga can ya kamata gogewa ta fara, ba daga galarin waya ba.

Sannan a buɗe ma'ajiya ta gaskiya. A wayar Android, manhajar Google Photos na iya kwafe hotuna zuwa asusunka na Google. A buɗe ta, a taɓa hoton asusu a kusurwar sama ta dama, a kunna ajiyar kwafi. Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe: abin da kyamararka ta ɗauka ne kawai ke hawa da kansa. Hotunan da suka zo ta WhatsApp suna cikin wata jaka daban, sai an shiga saitin ajiyar kwafi an nemi jakunkunan waya, an kunna ta hotunan WhatsApp da hannu. Kakan da duk hotunan jikokinsa turowa ake yi, idan bai kunna wannan ba, babu abin da ya ajiye.

Asusun Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi, har da kwafin hirar WhatsApp tun daga 2024. Tun ranar 1 ga Yuni 2021 kowane sabon hoto na cin wannan wurin. A zaɓi ingancin da ke tattalin wuri; yana tsayar da hoto a megafiksel 16, wanda ya ishi wanki babba.

Abu na ƙarshe, a faɗa wa jikan naka da kyau: idan ya goge hoto a cikin Google Photos da alamar kwandon shara, ya goge shi a waya da ma'ajiya baki ɗaya. Maɓallin da ya kamata ya danna shi ne na samar da wuri a waya, wanda ke cire kwafin waya kawai bayan ya tabbatar hoton ya hau. Game da waɗanda suka ɓace, a duba kwandon shara yau-yau: hoton da ya riga ya hau yana kwana 60 a ciki kafin ya tafi, kuma galarin wayoyi da yawa na riƙe nasu kwana 30. Idan babu, a roƙi iyayen yaran su sake turowa, domin asalin yana wurinsu.

Tambaya: Mu biyar ne wurin mahaifiyarmu, kowa da 'ya'yansa, wasu na riƙe da iPhone wasu Android. Muna son wuri guda da za ta riƙa ganin hotunan duk jikokinta ba tare da ta yi ta nema ba. — Wata 'ya

Amsa: Malama, abin da kuke buƙata albam ne na haɗin gwiwa, kuma tunda wayoyinku sun bambanta, na Google Photos ya fi dacewa don yana aiki a kan duka biyun. Na Apple ma yana da kyau, yana ɗaukar mutum 100 da hotuna 5000, amma mai Android kallo kawai zai iya ta shafin intanet, ba zai ƙara nasa ba.

Ɗaya daga cikinku ya zaɓi hotuna kaɗan, ya ƙirƙiri albam, ya sa masa suna mai sauƙi. A cikin zaɓuɓɓukan albam ya kunna damar da ke barin wasu su ƙara hoto, ya kashe raba wurin da aka ɗauki hoto, sannan ya gayyaci kowa da adireshin imel ɗinsa. Ita Mama, a zauna kusa da ita a buɗe mata sau ɗaya, a jawo manhajar zuwa fuskar waya ta farko, a ƙara girman rubutu a saitin waya. Kada a haɗa mata manhaja uku ko huɗu. Ɗaya ta hira, ɗaya ta hotuna, sun isa. Duk abin da ya wuce taɓawa biyu, a hankali za ta daina buɗewa ta koma jiran sai wani ya zo.

Ku riƙa rubuta sunan yaro da shekararsa a ƙasan hoto, domin jarirai kama suke yi da juna bayan shekaru. Ku kuma tace kafin ku ɗora: hoto uku masu kyau na ranar da yaro ya fara tafiya sun fi arba'in iri ɗaya. Ku lura, idan wanda ya ɗora hoto ya goge shi a nasa asusun, zai ɓace daga albam ɗin, don haka wanda take ƙauna a taɓa mata alamar ajiyewa ya shiga nata. Idan ta ga hoto, saƙon murya na daƙiƙa ashirin da ta kira sunan yaron ya fi masa daɗi fiye da kowace alama da za ta danna.

Tambaya: Mahaifina na ɗora hotunan 'ya'yana a sitatus don murna, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ba na son in ɓata masa rai. — Wani uba

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma ba sai an hana shi ba. A saitin sirri na sitatus akwai zaɓin nuna wa mutanen da aka zaɓa kawai. Ka zauna da shi ku zaɓi 'yan uwa tare. Sitatus na gushewa bayan awa 24, amma duk wanda ya gani zai iya ɗaukar hoton allo, don haka ku yarda a kan abin da ba a ɗorawa ko kaɗan: yaro yana wanka ko ba kaya, kayan makaranta mai bajo, ƙofar gida, takardar da ke ɗauke da cikakken suna. Hoton da aka tura a matsayin dokumen kan tafi da bayanin wurin da aka ɗauke shi, saboda haka wannan na cikin gida ne kawai.

Ka kuma kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da shi zai zaɓa don kare asusunsa. Ka jaddada masa cewa lamba shida da ke zuwa ta saƙon tes ba a faɗa wa kowa ita. Masu damfara kan sa hoton ɗa ko jika a sabon layi su rubuto cewa waya ta ɓace a turo kuɗi. Maganinsa guda ne: a kira tsohon layin a ji murya.

Tambaya: Kakarmu idonta ya yi rauni, ba ta iya latsa waya. Akwai dabara? — Wata jika

Amsa: Akwai firam na lantarki da ake turo wa hoto daga nesa ta manhaja, yana sauya su da kansa. A nemi mai inci 10 ko fiye. Kafin a saya a tabbatar akwai Wi-Fi a ɗakin, domin da yawansu nau'in Wi-Fi mai suna 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, kuma yawanci ba su da batir, sai a jone da wuta. A tura hotunan da fuska ta cika allo, a sa kowanne ya tsaya kamar minti ɗaya kafin ya sauya.

Tambaya: Ina da tsofaffin hotuna na takarda, na iyayena da na ƙuruciyata. Ina son jikokina su same su a waya. — Wani kaka

Amsa: Madalla, Baba, wannan aiki ne da bai kamata a jinkirta ba, domin launin hoton takarda kullum raguwa yake. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. A shimfiɗa hoton a kan tebur kusa da taga da rana, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa kai tsaye, a kashe filasha, a riƙe waya daidai samansa ba a karkace ba. Idan hoton mai ƙyalli ne ko yana cikin gilashi, manhajar PhotoScan ta Google, wadda ta fito a 2016, tana sa ka bi ɗigo huɗu da waya, ta haɗa ɗaukar ta cire ƙyallin. Mai na'urar sikana ya sa ɗigo 600 a inci don ƙananan hotuna. Wanda ya manne da albam ko da gilashi kada a ɓamɓare shi da ƙarfi, fuskarsa za ta saluɓe. A ɗauke shi a yadda yake. A ɗauki bayan hoton ma idan akwai rubutu ko hatimin kwanan wata. Bayan kowane hoto ka tura saƙon murya ka faɗi su wane ne a ciki daga hagu zuwa dama, da shekarar gwargwadon tuninka, sannan ɗaya daga cikin jikokin ya rubuta abin da ka faɗa a ƙasan hoton cikin albam ɗin iyali.