Mahaifina ya daina kallon ƙasa, idonsa kuma yana rufewa da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 67. Shekara uku da suka wuce aka ce cutar Parkinson ke damunsa, amma maganin bai yi masa wani aiki ba, daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya ce PSP ce, wata cutar ƙwaƙwalwa mai kama da Parkinson. Yanzu idonsa ne ya fi tayar min da hankali. Ba ya ganin abincin da ke gabansa, duk a riga yake zubarwa, karatu ya gagare shi, hawaye na zuba, wani lokaci idon ya rufe ya kasa buɗewa. Sau uku muna canja masa tabarau. Yayana ya sayo wani maganin ɗigawa ta intanet, jan idon ya ɗan ragu. Don Allah makancewa zai yi? Ni ce ke jinyarsa, na rasa yadda zan yi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ɗawainiya 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba sauƙi. PSP ba ta makantar da mutum. Kwalbar nan da yayanki ya sayo kuwa tana iya yi, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Tun 1964, lokacin da likitoci uku a Toronto ta ƙasar Kanada, Steele da Richardson da Olszewski, suka fayyace wannan cuta, alamar da suka fi kafa hujja da ita ita ce wadda kika kawo: mutum ya kasa juya ido ƙasa. Furotin ɗin da ake kira tau ne ke taruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai wurin da umarnin motsa ido sama da ƙasa ke fitowa. Ƙwayar idon na gani, naman da ke juya ta ma lafiyarsa lau, umarnin ne ba ya zuwa. Ina yawan nuna wa iyalai wannan da idonsu. Sai in ce wa majinyaci ya dubi takalminsa, ya yi ta ƙoƙari idon na nan cak. Sannan in ce ya zuba wa hancina ido, in kama kansa in ɗaga haɓarsa a hankali. Nan take idon ya gangaro ƙasa sumul. Wata rana matar wani majinyaci da ta ga haka sai ta fashe da kuka, ta ce shekara biyu tana zaton taurin kai yake mata.

To ga abin da ke ƙona min rai kullum ta Allah. Da an ga ido ya yi ja yana hawaye, sai kowa ya zama likitan ido. An bar jaki ana dukan taiki. A canja tabarau, a sake canjawa, a sayo na ɗigawa, wannan ya kawo nasa, wancan ya turo bidiyon wani mai farar riga yana rantsuwa cewa ɗigo uku ke "wanke ido". Da yawan irin waɗannan kwalabe akwai sitiroyid a ciki, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, irin su dexamethasone ko betamethasone, wani a rubuce, wani ko rubutawa ba a yi ba. Yaudarar ita ce yana aiki. Jan ya ragu cikin kwana biyu, gida ya ɗauka an dace, a ci gaba da ɗigawa wata da watanni. A ƙarƙashin wannan farin idon, sitiroyid na iya ɗaga matsin cikin ido cikin 'yan makonni ga wasu mutane, ya ci jijiyar gani ba tare da ciwo ba, wato hawan jinin ido, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yana kawo yanar ido. Mafi muni ga mutum irin Baba, in akwai ɗan ƙuje a saman baƙin ido, sitiroyid na danne garkuwar wurin, ƙwayar cuta ta samu sake, ƙujen ya zama gyambo. Mai lafiya zai ce "idona na ciwo, ganina ya ragu". Mai PSP wanda maganarsa ta yi nauyi ba lallai ya iya faɗa ba, sai an wayi gari an ga farin tabo. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, bai auna matsin ido ba, bai ma san sunan cutar ba, kuma ranar da ido ya lalace ba za ki same shi a waya ba. Magungunan ɗigawa masu "cire jan ido" ma ba su tsira ba: jijiyoyin jini kawai suke tsukewa, da an daina jan ya dawo fiye da da, sai a ƙara sayowa.

Hawayen da kike gani ma shi ke ruɗar mutane. Bushewa ce ta kawo shi. Mai lafiya na ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, mai PSP na iya yin sau uku ko huɗu kacal. Ki zauna gabansa da agogo ki ƙirga, za ki sha mamaki. Ido ya bushe, ya yi raɗaɗi, sai ya kwararo da hawaye mai ruwa-ruwa wanda ba ya zama. Maganinsa mai sauƙi ne: ruwan ɗigawa mai kama da hawaye a kai a kai da rana, mai kauri kamar man shafawa da daddare. In za a wuce sau huɗu a yini, a nemi wanda babu sinadarin hana lalacewa a ciki. A kawar da fanka daga saitin fuskarsa, a sa masa tabarau mai duhu in haske na damunsa. Ki kuma sa likitansa ya duba jerin magungunansa, domin irin su trihexyphenidyl da amitriptyline na ƙara busar da ido.

Tabarau kuwa, in akwai mai gida biyu a cikin ukun nan, wato na nesa a sama na karatu a ƙasa, a ajiye shi. Idon da ba ya sauka ba zai kai gidan ƙasan ba, in kuma ya sunkuyar da kai yana tafiya, ƙasa ta yi masa hazo. Wannan mutum ne da dama cutarsa ke kayar da shi, sau da yawa ta baya. A yi masa biyu dabam, na tafiya da na karatu. Akwai mai firizim da ke ɗago abin da ke ƙasa zuwa saitin ido, yana taimaka wa wasu wajen cin abinci, amma a zaune kawai, ba a tafiya da shi. In yana ganin abu bibbiyu daga kusa, rufe gilashi ɗaya lokacin karatu kan wadatar.

Sauran aikin naki ne, kuma ya fi kowane tabarau: ki ɗago masa duniya zuwa inda idonsa yake. A ɗora faranti kan wani abu ya taso, a kafa littafi a tsaye, a kwashe duk abin da ke ƙasa a hanyarsa, tun daga takalmi har wayar lantarki, domin ba zai gan su ba. Kada ya hau ko ya sauka matakala shi kaɗai. Wajen ci ki zauna kusa, saboda wanda ba ya ganin cokali yakan cika baki, ga haɗiya ta yi rauni. In yana yawan ƙwarewa ko tari lokacin shan ruwa, a nemi ƙwararren haɗiya da wuri, don abinci ya bi hanyar iska ya jawo ciwon huhu shi ne babban haɗarin wannan cuta.

Rufewar idon iri biyu ce: ko fatar ta matse da ƙarfi, ko ta kwanta lafiya ta ƙi tashi. Ba barci yake ba, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, a riƙa tauna magana. Taɓa goshi ko ɗaga girar da yatsa kan buɗe shi. In ya yi yawa, allurar Botox, mai sassauta naman da ya matse, a gefen fatar ido na taimaka wa da yawa, aikinta na kai kamar wata uku a sake. Amma a hannun likitan da ya saba yin ta kaɗai.

Ki kuma faɗa wa 'yan gida su daina yi masa faɗan "ka dube ni mana". Wannan zuru da yake yi da fuska a sandare cutar ce, ba fushi ba, ba raini ba. Wanda zai yi masa magana ya jawo kujera ya zauna daidai fuskarsa, ya jira amsa ko ta yi jinkiri. Yayanki da ke da kuɗin sayen kwalba, ya karɓe ki jinyar kwana ɗaya a mako ki huta.

Cikin makon nan ki kai Baba wurin likitan ido da kwalbar a hannunki, ki faɗi tsawon lokacin da aka yi ana ɗigawa, ki ce a auna matsin idon a duba saman baƙin. Ki ambaci PSP tun daga bakin ƙofa, kada a sake rubuto muku tabarau na huɗu. In kuwa kafin nan kika ga farin tabo a baƙin idon, ko ruwan ƙwantsa mai yawa, ko yana ta kai hannu wurin yana yamutsa fuska, ranar za ku tafi.